Kaburburan Mayaƙan Sama na Yaƙin Hitila a Kano: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ungogo, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa, ya saba da ƙarar jirgin sama. Manomi na sunkuye a gonarsa jirgi zai ratsa ta kansa yana sassautowa zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ko ɗaga kai ba zai yi ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekara 80 da ɗoriya da suka wuce jiragen da ke bin wannan sarari na yaƙi ne, kuma wasu daga cikin samarin da ke tuƙa su ba su kai inda suka nufa ba. Ƙasar Kano ce ta kira su, a nan suke kwance har yau, kowanne da sunansa a kan dutse.

Ba a ja dāga a ƙasar Kano ba lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. Amma yaƙin ya bi ta samanmu, ya kuma shiga gidajenmu. Ya kawo baƙi suka mutu a nan, ya kwashi 'ya'yan ƙauyukanmu suka mutu a wata uwa duniya. Kaburburan baƙin da ke birnin Kano da na 'yan'uwanmu da ke ƙasar Bama labari ɗaya ne, kuma wanda ya san rabin farko ya kamata ya nemi sanin rabi na biyu.

Me ya kawo jiragen yaƙi Kano?

Alaƙar Kano da jirgin sama ta girmi yaƙin. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na rundunar sojan saman Birtaniya suka sauka a filin sukuwa, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira suka ratso Sudan da Cadi. Su ne jirage na farko da Kanawa suka gani. Jagoran tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano ta wannan hanyar.

A watan Yunin 1940 al'amura suka juya wa Birtaniya. Jamus ta ci Faransa da yaƙi, Italiya kuma ta shiga faɗan a ɓangaren Hitila. Birtaniya na da sojoji a Masar suna tsaron mashigin Suwez, suna matuƙar buƙatar jiragen yaƙi, ga shi tekun Bahar Rum ya zama tarko. In aka ce a zagaya da kayan ta Afirka ta Kudu a jirgin ruwa, sai an yi watanni. Nan aka tuna da tsohuwar hanyar nan. Aka riƙa loda jirage a wargaje cikin manyan akwatuna, a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Takoradi da ke Gwalkwas, wato Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su zango-zango: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wadda yanzu ake kira Njamena, sai Janaina da Fashir da Obayyid a Sudan, sai Khartum, daga nan a bi kogin Nilu har Masar.

Hanyar ba za ta yiwu ba da ba don Cadi ba, wadda a lokacin Faransa ke mulka. Gwamnanta, Félix Éboué, baƙar fata ne, ranar 26 ga Agusta 1940 ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, ya ƙi yin mubaya'a ga gwamnatin Faransa ta Vichy mai ɗasawa da Jamus. Nijar kuwa ta ci gaba da zama a hannun Vichy har Nuwamban 1942. Ke nan fiye da shekara biyu Damagaram da Maraɗi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, suna ɓangaren da Birtaniya ba ta amince da shi ba, jirage kuma na wucewa ba nisa da iyakarsu.

Ayarin farko ya tashi daga Takoradi ranar 20 ga Satumba 1940: jirgi ɗaya ƙirar Blenheim a gaba, ƙananan jiragen faɗa shida ƙirar Hurricane na biye. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Daga 1941 Amurkawa ma suka shigo, da farko ta hannun kamfanin Pan American, daga baya sojojinsu suka karɓa, suna tasowa daga Barazil su tsallako teku zuwa Akara, su biyo ta Kano da Maiduguri, wasu har Indiya da Sin. Jiragen da suka kwana a Kano na cikin waɗanda aka yi yaƙin El Alamein da su a ƙarshen 1942, inda aka karya lagon Jamus da Italiya a Arewacin Afirka. Kwamandan rundunar saman hamada a wancan yaƙi kuwa shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka filin sukuwa a 1925.

In ba a yi faɗa a nan ba, me ya kashe su?

Hanyar da kanta ce ta cinye su. Daga Takoradi zuwa Alƙahira kusan kilomita 6,000 ne, akan yi kamar kwana shida a hanya. Tsakanin Legas da Kano kaɗai ya haura kilomita 800, daga Kano zuwa Maiduguri ya haura 500. Ƙananan jiragen faɗa mutum ɗaya suke ɗauka, ba su da mai duba taswira, kuma ba don doguwar tafiya aka ƙera su ba. Sai su bi babban jirgin da ke gaba kamar yadda fatake ke bin madugu. Wanda ya ɓace wa madugu ya shiga uku, domin na'urorin sadarwa na lokacin ba su da ƙarfi, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma bai san ta ba.

Mu da muke zaune a nan mun san yanayinmu. Da hunturu hazo kan rufe gari har mutum ya kasa hango kukar da ke bakin gonarsa. Ko a yau, da duk na'urorin zamani, hazo na hana jirage sauka a Kano. Da damina hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, ya taso da iska mai tuge bishiya. Da bazara ga zafi, ga ƙura da yashi suna shiga inji. Jiragen kuma sababbin haɗi ne, wani lokaci sai a sama aibinsu ke bayyana. Saboda yawan saukar dole a daji, har farin fenti aka riƙa shafa wa bayan wasu jiragen don masu nema su iya hango su daga sama.

Ba duka ne suka mutu a hatsari ba. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da sauran cututtukan ƙasar zafi sun kwantar da mutane da yawa, har da waɗanda ba sa tashi sama: makanikai, masu kula da rediyo, direbobi da ma'aikatan ofis. Akasarinsu samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu. Ba kuma Ingilishi kaɗai ke wannan jigila ba. Akwai 'yan Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu, akwai kuma matuƙa 'yan Polan, waɗanda Jamus ta mamaye ƙasarsu suka zo suna yaƙi a ƙarƙashin tutar Birtaniya.

Kada a manta da waɗanda suka riƙe filin daga ƙasa. Share fili, da fasa dutse, da sauke gangunan mai daga jirgin ƙasa, da gadi, duk guminmu ne, na mutanen birni da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ba don su ba jirgi ko ɗaya ba zai tashi ba.

Ina aka binne su, kuma me ya hana a mai da su gida?

Kaburburan yaƙi iri biyu ne. Akwai manyan maƙabartu da aka keɓe wa sojoji zalla, galibi kusa da inda aka gwabza. Akwai kuma kaburburan da ke cikin maƙabartar gari, a tsakanin na sauran jama'a. Na Kano irin na biyu ne: suna cikin maƙabartar Kiristoci ta Township. In aka bi hanyar jiragen za a tarar da irinsu a jere, a Takoradi, a maƙabartar Yaba da ke Legas, a Maiduguri, har Khartum. Duk inda ayari ya yada zango ya bar wani.

Rashin mai da su gida doka ce, ba sakaci ba. Tun Yaƙin Duniya na Farko Birtaniya ta yanke cewa soja a binne shi a ƙasar da ya faɗi. Dalilin da aka bayar shi ne, in aka buɗe ƙofar ɗaukar gawa, masu hali ne kaɗai za su iya kai nasu gida, ɗan talaka a bar shi a daji, alhali tare suka mutu. Iyaye da dama sun yi kuka da wannan hukunci, amma aka tsaya a kansa, aka kuma maimaita shi a yaƙi na biyu. Musulmi ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin shahidan Uhudu a filin Uhudu aka binne su, kuma waɗanda danginsu suka fara ɗauka zuwa Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a komar da su inda suka faɗi.

Amurka ta bi wata hanya dabam. Bayan yaƙin ta ba iyalai zaɓi: ko a kai musu gawar gida, ko a binne ta a ɗaya daga cikin manyan maƙabartun sojan Amurka na ƙetare. Ta nahiyar Afirka tana Kartaj a Tunisiya, mai kabari fiye da 2,800.

Akwai kuma waɗanda ba a ga ko ƙashinsu ba, sun faɗa teku ko sun ɓace a daji. Su sunayensu kawai aka sassaƙa. A tsibirin Malta akwai hasumiyar tunawa mai ɗauke da sunayen mayaƙan sama kusan 2,300 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da waɗanda suka tashi daga sansanonin Afirka ta Yamma.

Wa ke kula da kaburburan?

Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila ce, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC. Wani Bature mai suna Fabian Ware ne ya assasa ta, aka ba ta izinin aiki ranar 21 ga Mayu 1917. Ƙasashe shida ke zuba mata kuɗi: Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan, Afirka ta Kudu da Indiya. Najeriya ba ta cikin masu biyan. Hukumar na riƙe da sunayen mutum miliyan 1.7, a wurare kusan 23,000, cikin ƙasashe fiye da 150.

Ba kowane kabarin soja ne ke hannunta ba. Sai wanda ya mutu yana bakin aiki tsakanin 4 ga Agusta 1914 da 31 ga Agusta 1921, ko tsakanin 3 ga Satumba 1939 da 31 ga Disamba 1947. Ba a duba abin da ya kashe shi: harsashi ne, hatsari ne, ko zazzaɓi, duk ɗaya ne.

Ƙa'idojinta a rubuce suna da kyau. Kowane mamaci a ambace shi da sunansa. Alamar ta zama mai ɗorewa. Duwatsun su zama iri ɗaya, na janar daidai da na kurtu, ba bambancin muƙami ko launin fata ko addini. A mafi yawan wurare dutsen fari ne, tsayinsa santimita 76, faɗinsa 38. A sama akwai tambarin runduna, sai lambar soja da muƙami da suna, sai ranar mutuwa da shekarun mamacin in an sani. Kirista akan sa masa gicciye, Bayahude tauraro mai tsini shida, Musulmi kuma rubutun Larabci. A can ƙasa akan bar wa iyali wuri su sa 'yan kalmomi kaɗan. In ka ga duwatsu biyu ko uku a jere da kwanan wata ɗaya, yawanci ma'aikatan jirgi ɗaya ne da suka mutu tare. In gawarwakin sun ƙone har ba a iya rarrabe su ba, sai a haɗa su a kabari guda a jera sunayensu.

Mutunta irin waɗannan kaburbura wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949, waɗanda Najeriya ta amince da su, sun wajabta a binne matattun yaƙi cikin mutunci, a kiyaye kaburburansu, a kuma yi musu alama yadda za a iya gane su.

To, namu mutanen fa?

A daidai lokacin da jirage ke sauka a Kano, ana ɗibar samari daga ƙasar Kano zuwa soja. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Umarni kan fito daga Turawa ya bi ta fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Wasu sun tafi da son ransu, don albashi ko don ganin duniya. Wasu kuwa ba su da zaɓi. Rundunar da suka shiga ita ce ta tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda ta daɗe tana ɗibar mutanen Arewa har Hausa ta zama harshen bariki.

Sun fara da Gabashin Afirka. A 1941 birget ɗin Najeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya, suka nausa har Harar a ƙasar Habasha. Daga 1943 aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, don yaƙar Japan. Sojojin Afirka ta Yamma kusan 90,000 ne suka je wancan yanki, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. An raba su runduna biyu, ta 81 da ta 82. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne. Na ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo, domin dubbai daga cikinsu aikinsu dako ne: su ke ɗaukar harsasai da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, cikin duwatsu da dazuzzukan da mota ba ta shiga. A kwarin Kaladan runduna ta 81 ta yi watanni ba hanyar kawo mata abinci sai ta jiragen sama da ke jefo shi da laima. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya je har can ya gaishe su.

Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a barikokinmu, ko da yake kaɗan ne suka san asalinsu: Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Mogadishu a Abuja.

Waɗanda ba su dawo ba suna kwance a can. Maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, arewa da birnin Yangon, tana da kabari fiye da 6,000, a tsakiyarta kuma akwai ginshiƙai masu sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. 'Yan Najeriya na cikin duka biyun. Haka a Chittagong da Maynamati a ƙasar Bangaladash. Mai ziyara zai ga tambarin bishiyar kwakwa na rundunar Afirka ta Yamma, a ƙarƙashinsa sunan yanka irin namu, biye da sunan gari: Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya. Masu share waɗannan kaburbura, suna ba furanninsu ruwa, mutanen can ne, ba su san mu ba, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

An yi wa kowa adalci kuwa?

Ba a yi ba, kuma hukumar da kanta ta amsa laifinta. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da ta naɗa ya fitar da rahoto kan matattun Yaƙin Duniya na Farko. Ya gano cewa mutum 45,000 zuwa 54,000, akasarinsu Indiyawa da 'yan Afirka, ba a karrama su daidai da Turawa ba. Wasu kuma aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, yawancinsu daga Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su sam. Rahoton ya ce wariyar launin fata na cikin tushen abin. Ya kawo misalin gwamnan Gwalkwas, Guggisberg, wanda a 1923 ya nuna cewa ɗan ƙasa ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. Ranar 22 ga Afrilu 2021 ministan tsaron Birtaniya, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa. Daga nan aka shiga neman sunayen da aka bari, kuma a Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a birnin Kef Tawun mai sunayen lebura baƙar fata fiye da 1,700.

A yaƙi na biyu an ɗan gyara, shi ya sa ake samun sunayen namu a Bama. Amma a gida da sauran rina a kaba. Sojoji da yawa da suka mutu a cikin Najeriya, a bariki ko a asibiti, ba a adana kaburburansu ɗaya bayan ɗaya ba, sai dai aka tara sunayensu a allon tunawa, irin wanda ke Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa a Abuja.

Akwai kuma waɗanda ba su sa kaki ba, don haka ba sa cikin lissafin kowa. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka tilasta wa dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Sanyin tsaunukan Filato da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa. Su ma yaƙin ne ya ci su, amma ba dutse, ba suna.

Ai mu ba ma gina kabari, ina ruwanmu?

Tambaya ce mai ma'ana. A ƙauyukanmu kushewa tudun ƙasa ce, a kafa ɗan ice ko a kifa tsingaro, bayan 'yan damuna ta baje. Malamanmu sun karhanta gini da rubutu a kan kabari, kuma ba wanda ke cewa a sauya wannan. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a rarrabe.

Na farko, rashin yin abu ba izinin ɓata na wani ba ne. Waɗannan matattu baƙi ne a ƙasarmu, ba su da dangi a kusa, Bahaushe kuma ya ce baƙonka annabinka. Ya inganta cewa Manzon Allah ya miƙe tsaye lokacin da aka wuce da gawar wani Bayahude, don girmama rai. Wanda ya fasa dutsen kabarin baƙo, ko ya mai da wurin juji, ba Birtaniya ya wulaƙanta ba, tarbiyyar gidansu ya nuna.

Na biyu, rashin gina kabari ba ya nufin mantawa da mamaci. Manzon Allah ya ɗora dutse a kan kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Mu kuma mutane ne masu riƙe asali: mukan mai da sunan kaka a kan jika, mukan yi wa magabata addu'a da sunayensu. Hujjar da Guggisberg ya kafa, cewa ba mu damu ba, ƙarya ce. Amma in muka bar sunayen suka salwanta a hannunmu, mu ne muka gaskata shi.

Me mutumin ƙauye zai iya yi?

Abu na farko shi ne tambaya. 'Yan mazan jiya da suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu suna raye, a Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Gezawa. Ɗalibi ya zauna da kakarsa ya tambaye ta: wa aka ɗauka soja a gidan nan? Wa ya dawo, wa bai dawo ba? Wa aka kai kuza? Ya rubuta sunan mutumin da na mahaifinsa da unguwarsu, ko ya naɗi muryarta a waya. Malamin firamare ko na Islamiyya zai iya mai da wannan aikin aji, dagaci kuma ya ajiye littafi guda na garin.

Na biyu, a duba tsofaffin adaka da akwatunan ƙarfe. Littafin sallama daga soja ya fi lambar yabo amfani wajen bincike, domin yana ɗauke da lambar mutum, wadda ga 'yan Najeriya takan fara da haruffan NA. Kada a sayar wa masu sayen tsofaffin kaya.

Na uku, rajistar hukumar CWGC tana intanet kyauta, ana iya bincike da suna, ko lamba, ko runduna, ko maƙabarta. Sai an yi haƙuri, domin akawun bariki yadda ya ji suna haka yake rubutawa: Ahmadu ya koma Amadu, Garba ya koma Garuba. Sau da yawa kuma sunan babban gari ake liƙa wa mutum, ta yadda ɗan ƙauyen Tsanyawa zai fito a matsayin mutumin Kano kawai. A gwada rubutu iri-iri. Wanda ya tabbatar kakansa ya mutu a bakin aikin soja cikin shekarun da aka ambata, amma bai ga sunansa ba, yana da damar rubuta wa hukumar da hujjojinsa.

Na huɗu ya shafi gona. A yankinmu ba a barin ƙasa ta huta, kowace shekara garma na juya ta, ga masu haƙar yashi da masu tona harsashin gini. In aka ci karo da baƙon ƙarfe mai kama da harsashi ko bom, kada a taɓa, kada a kai wa 'yan jari-bola, kada a bar yara kusa. Tsohon makami na iya tashi ko bayan shekara 80. In ƙasusuwan mutum ne, a rufe wurin. A duka biyun a sanar da mai unguwa da 'yan sanda.

Na biyar, hurumin maƙabarta. Inda ƙasa ta yi tsada, kowace damina kunya ɗaya kan shiga cikin maƙabarta, a birni kuma shago da katanga ke cin ta. Wannan cuta ba ta bambanta ta Musulmi da ta Kirista. Al'ummar da ta shata iyakar maƙabartarta, ta dasa itatuwa a kewaye, ta sa ido, ita ce za ta iya riƙe amanar baƙon da ke kwance a ƙasarta.

Kowace 15 ga Janairu Najeriya na bikin tunawa da 'yan mazan jiya, manya su ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi. Bikin ba zai kai ga ƙauye ba sai ranar da za a tashi a ƙofar gidan dagaci a karanta sunayen 'ya'yan garin da suka tafi ba su dawo ba, a yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Matuƙan jirgin da ke kwance a Kano sun sami hukuma da ta riƙe sunayensu fiye da shekara 80. Na ɗiban gwamna da na sojan da ba a rubuta ba, ba mai riƙe da su sai tsofaffin da ke cikin gidajenmu, kuma kowace shekara raguwa suke yi. A je a tambaye su tun suna iya ba da amsa.